Jan Biro da Littafin Bashi

Aikin da na fara yi a harkar littafi shi ne sa wa haruffa ƙugiya. Tafiretar shagon Alhaji ta Turawa ce, ba ta san ɓ ba, ba ta san ɗ ba, balle ƙ. In mai bugawa ya gama shafi sai a miƙo mini shi da baƙin biro mai tsini, in bi layi-layi ina lanƙwasa wa kowane harafi kansa, kafin a kai a ɗauki hoton shafin a fitar da filet, wato farantin da ake ɗaura wa inji ya buga. Shekarata goma sha uku a lokacin, ko shekara ban yi da fara gane boko ba. Ran farko na tsallake kalma guda, aka bar "suka je fada" a inda marubuciyar take nufin faɗa. Alhaji ya ɗaga takardar, ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗan malam, mutanen nan dambe suka tafi, ko sarki ne ya kira su?" Ma'aikata suka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ƙara ko kalma ba, ya miƙo mini biron. Har yau in na ga an rubuta "kasa" a allon talla ana nufin ƙasa, sai in ji yatsuna suna ƙaiƙayi.

Ba zan faɗi sunansa ba. Da ransa ya tsani a ambace shi a kan abin da ya bayar, sannan cikin waɗanda labarin nan ya shafa akwai masu rai, wasunsu ma sun zama manya, ba za su so a tuna musu ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kazaure. A 1986 mahaifina ya damƙa ni a hannun malam, muka taho Kano, tsangayarmu tana Fagge. Kamar kowane almajiri, in an tashi daga karatun safe sai neman gidan aiki. Allah ya haɗa ni da gidan Alhaji: shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, Hajiya ta ba ni ɗumame da safe, tuwo da dare. Gidan yana da wata al'ada da ban taɓa gani a ko'ina ba. In an bugo sabon littafi, ba a shago ake ninke shi ba, gida ake kwaso shafukan. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kunna fitilar ƙwai in babu wuta, mata da yara da 'yan maƙwabta kowa ya zauna gaban tarinsa, ana ninki ana hira. Ni ma na riƙa raɓawa. Ban san lambar boko ko ɗaya ba, amma na lura da siffarsu kamar yadda muke lura da baƙi a allo, na haddace wace ke bin wace. Wata rana Alhaji ya tsaya a kaina ya daɗe, ya ɗauki abin da na haɗa ya bincika, bai sami shafi ko ɗaya a juye ba. Ya tambaye ni ajina nawa. Na ce izu goma sha biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan kwana biyu ya saka babbar riga, ya sayi goro, ya tafi tsangaya da ƙafarsa. Na ji abin da suka yi da malam don ina bayan zana. Malam ya ce ba ya hana alheri, amma amana aka ba shi: yaro ba zai rasa karatun asuba ba, kuma sai ya sauke. Alhaji ya ce, "Allah gafarta malam, in ya rasa asuba ɗaya ni da kaina zan kawo maka bulala." Haka na shiga ajin yamma. Na kuma sauke a 1993, Alhaji ne ya yanka ragon.

Shi kansa ta irin wannan ƙofa ya shigo boko, shi ya sa. Haifaffen cikin birni ne, wajen Jakara. Mahaifinsa littattafan addini yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Ishiriniya, da ƙasidun ajami. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Arewa ta buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci, ya riƙa sulalewa yana zuwa a ɓoye, don tsohon ya ce ɗansa ba zai yi karatun Nasara ba. Asirinsa ya tonu ne ranar da wani attajiri ya rasa mai karanta masa Gaskiya Ta Fi Kwabo, yaron ya karɓa ya karanta tiryan-tiryan a gaban mahaifinsa. Ya ce ya sha mari a gida da daddare, amma washegari tsohon da kansa ya ce ya zo ya karanta masa labarin farashin gyaɗa. Tun daga nan ya zama mai karanta wa 'yan layinsu jarida, ana ba shi kwabo da goro.

Abubakar Imam ne gwarzonsa. Yana da Magana Jari Ce duka ukun, tsohon bugu, naɗe a leda cikin akwatin ƙarfe, ba ya ba kowa aro. Ya ba ni labarin yadda ya taɓa shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya yana saurayi, ba don komai ba sai don ya tsaya a gaban ginin Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada ya ji ƙarar injuna, ya tsaya, ya ji, ya juyo. A wancan zamani in ka ce buga littafin Hausa to Zariya kake nufi, Kamfanin Gaskiya tun 1945, daga baya kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Mutumin Kurmi mai karatun yaƙi da jahilci bai ma kawo wa ransa cewa zai ga sunansa a bangon littafi ba.

Abin da ya canza lissafi masu karatu ne. Shirin UPE na ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, mata da maza, bayan shekara goma ga su sun zama samari da 'yan mata da amare masu iya karanta Hausa, amma babu abin karantawa in ban da littattafan aji. Gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, magidanta da matan aure suka koma aji. Manyan kamfanoni hankalinsu yana kan littattafan makaranta, don can kuɗi yake. Ga shi daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, ba mai ɗaukar kasada a kan labarin wani da ba a san shi ba. To sai mutane suka ce in ba a buga mana ba, mu buga wa kanmu. Alhaji ya sayar da Vespa ɗinsa a 1987, ya buga littafinsa na farko kwafi dubu biyu, labarin wani ɗan fatake da ya bi ayarin goro zuwa Gwanja. Sai da ya shekara biyu yana sayar da shi.

A nan zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masoyansa daɗi ba: Alhaji ba gwanin marubuci ba ne. Littattafai huɗu ya rubuta, na karanta su duka fiye da sau goma saboda aiki. Hausarsa tsab, ba ka samun tuntuɓe, amma ba ya iya barin mutanen labarinsa su yi numfashi. Da zarar wani ya yi laifi sai ya dakatar da labari ya hau mumbari. Shi ma ya sani. Yakan ce, "Ni limami ne da ya ɓata hanya ya faɗa ɗab'i." Baiwarsa tana cikin jan biro. In ya zauna da rubutun wani, nan za ka ga aiki.

Rubutun kuwa yawanci na mata ne. A littafin rubutu na 'yan makaranta yake zuwa, mai shafi sittin ko tamanin, uku ko huɗu a ɗaure da kyauron zani ko roba, a hannun ƙane ko ɗa ko almajirin gida. Wani yana ƙanshin turaren wuta, wani da ɗigon manja a gefe, wani ka ga inda jariri ya ja biro ya keta rabin shafi. Da yawa cikin marubutan nan Alhaji bai taɓa ganin fuskarsu ba har ya koma ga Allah, matan kulle ne, wasu ma mazansu ba su san suna rubutu ba sai da littafi ya fito. Da wasiƙa ake magana. Yakan zauna bayan sallar asuba, kafin hayaniya, da shayi ba madara, ya bi rubutun. Ba ya taɓa labarin, sai dai ya rubuta a gefe: "Malama, wannan kishiyar tun shafi na tara ba ta yi abin kirki ko ɗaya ba. Ko Iblis yana da ranar hutu." Ko kuma: "Wa ya gaya wa Hajiya wannan maganar? Ba ta ɗakin." Na ga mata da suka yi fushi suka aiko a karɓo musu kayansu, bayan sati biyu kayan su dawo a gyare.

Daga jan biro sai tafireta, sai ni da ƙugiyoyina, sai filet, sai inji. Wata tsohuwar Gestetner ce da mu, in aiki ya fi ƙarfinta ko bango mai kala ne sai a kai wa masu babban injin nan Kord. Takardar jarida muke amfani da ita don ita ce mai sauƙi, shi ya sa littattafan lokacin suke yin ja kafin shekara. Da masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka durƙushe a shekarun 1990, komai ya koma na waje, kowane rim sai abin da dala ta ce. Mutane suna zargin marubuta da haɗama don suna raba labari ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu, na uku. Ba haɗama ba ce kaɗai. Kuɗin na ɗaya ne yake sayen takardar na biyu. In na ɗaya bai tafi ba, na biyu ya mutu a cikin durowa, mai karatu ta yi ta jiran abin da ba zai zo ba. Ƙugiya kuwa sai da kwamfuta ta shigo, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan Hausa da ake sa mata, sannan baƙin birona ya huta. Masu gaggawa da yawa ba su taɓa damuwa da ita ba ma, haka suke fitar da littafi tsirara. Alhaji ya ce shi ba zai sayar wa mutane "kafa" a madadin ƙafa ba.

In an ɗinke an yanke, sai mu ɗaure ɗari-ɗari mu kai wa diloli a Sabon Gari da wajen Bata. Duk bashi ne, sai an sayar a biya. Daga can kaya suke watsuwa: Tashar Ƙofar Ruwa a ɗora na Katsina da Maraɗi da Damagaram, Unguwa Uku na Bauchi da Jos da Maiduguri, wasu su bi motocin shanu har Agege da unguwar Sabo ta Ibadan. Kwafi ɗaya kuma ba mutum ɗaya yake karantawa ba, akwai masu ba da haya a unguwanni, littafi ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Lokacin nan ne 'yan boko suka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, wasu suka tashi kare shi. Marubutan da suka kafa ƙungiya a Kano kuwa suka sa mata suna Raina Kama, kowa ya san ƙarashen karin maganar. Alhaji bai shiga ƙungiya ba, bai kuma rubuta raddi ba. Ya ce, "Kasuwa ai ba zagi ba ce, a can aka haife ni."

Ribar shekarun nan ba kaɗan ba ce. Da wani ne, da ya yi gidaje. Alhaji har ya rasu gidan gado yake ciki, an dai yi masa siminti.

Inda kuɗin suke tafiya kowa a layinmu ya sani. Akwai wani benci a ƙofar shago, ba ya rabuwa da mutane, ranar Juma'a kuwa har ƙasa ake zama. Tsohuwa da takardar magani, magidanci da takardar sallamar asibiti, yaro da aka koro don kuɗin jarrabawa. Ba ya son ba da kuɗi a hannu in abin na makaranta ne, sai ya aike ni in kai wa shugaban makarantar in karɓo rasit, kuma in ce wani bawan Allah ne. Duk ƙarshen zango yaran da yake biya wa sai sun kawo sakamako ya gani. Wanda ya faɗi ba ya korarsa, sai ya sa shi ninkin littafi na sati biyu, wai hannu ya taya ƙwaƙwalwa. Ban taɓa sanin adadinsu ba sai da na karɓi lissafi, don shi ba ya ƙirgawa.

A 1998 na gama sakandare, ya sa ni karatun akanta na yamma, ya miƙa mini babban littafin shago da mukullin durowa. Daga ranar "Ɗan malam" ya mutu, na koma "Akawu". Ni kuma tuni nake ce masa Baba. Da na zauna na bi littafin nan daga farko, gumi ya karyo mini. Kuɗin takarda, kuɗin marubuta, albashin ma'aikata, kuɗin cefanen gida, kuɗin benci, duk durowa ɗaya suke shiga, hannu ɗaya yake fitar da su. Na sayo ambulan na rarraba, kowace na rubuta sunan mai ita. Ya duba ya ce, "Madalla, boko ta yi rana." Ban san dariya yake mini ba.

Abin da ya raba mu ya faru a 2001. Akwai wata marubuciya da littafinta ya karɓu ƙwarai, sau uku muna sake bugawa. Ƙa'idarmu in an cire kuɗin aiki, riba a raba biyu. Rabonta ya taru, na sa a ambulan, na aika mata cewa ƙanenta ya zo ran Asabar. Daren Alhamis mai gadin layinmu ya buga wa Alhaji ƙofa, matarsa tana naƙuda kwana biyu, an ce sai an yi aiki, sai an ajiye kuɗi. Alhaji ya aiko aka tashe ni, muka buɗe shago da tocila. Ambulan ɗin da ke da kauri ita ce ta matar nan. Na ce, "Baba, wannan ba namu ba ne." Ya ce, "Na sani. Miƙo." Na miƙa. An yi aikin, uwa ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Wannan daren ban taɓa riƙe shi da shi ba. Ko ni ne, abin da zan yi ke nan. Abin da ya ci mini rai shi ne watannin da suka biyo baya. Ƙanen matar ya zo ran Asabar, aka ba shi haƙuri. Ya dawo bayan sati biyu, aka ba shi kwafi hamsin na littafin yayarsa wai ya sayar ya rage. Ya sake dawowa, yaro mai kunya, ya tsuguna a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce Yaya ta ce a gaya wa Alhaji keken ɗinki take son saya. Duk wannan lokacin kuɗi suna shigowa, kuma benci bai daina cika ba. Duk abin da na tara don in mayar mata, kafin la'asar wani ya zo da hawaye ya tafi da shi. Mai injinmu ma wata biyu ba a ba shi albashi cikakke ba, yana da 'ya'ya biyar, sai dai shi ba ya zama a benci, don haka ba a ganin nasa hawayen.

Rannan na rufe ƙofa na ce, "Baba, ina da magana." Na ce masa biyan bashi wajibi ne, sadaka kuwa nafila ce, ba a barin farilla a kama nafila. Na ce wanda yake kuka a gabanka ba shi ne kaɗai mabuƙaci ba. Na ce abin da muke yi kyauta ce da kayan mutane, lada kuma ban san wa za a rubuta wa ba. Ina magana jikina yana rawa, don ban taɓa ɗaga ido na kalle shi haka ba. Ya bar ni na gama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Akawu, ni ma na karanta Risala." Ya yi shiru. Can ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Amma in mutum ya tsaya a gabana, ba na iya tuna wanda ba ya nan." Ya tashi ya tafi masallaci.

Da daddare na je gida cin tuwo kamar kullum. Hajiya ta ajiye mini kwano, ba ta tafi ba. Ta ce, "Akawu, an ce yau ka yi wa Alhaji karatu." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba, ni na fi ka sanin halinsa, shekara talatin ina auna gero da lissafin baƙin da ban gayyata ba. Amma shekarar da aka sa ka a sakandare, aka yi maka kayan makaranta da kuɗin zango, ka san littafin wa aka jinkirta wata biyar?" Ban sani ba. Ba ta kuma faɗa mini ba. Ta ce in ci tuwona kada ya huce.

Na koma na binciki tsohon littafin shago na 1992. Na gani. Wani malamin firamare ne, ya kawo kuɗin takardarsa da kansa. Ya rasu kafin in san haka.

Na ƙara shekara uku a shagon, amma zaman bai koma daidai ba. Na riƙa ɓoye kuɗi a inda bai sani ba don in biya ma'aikata, shi kuma ya riƙa karɓar kuɗi a hannun diloli kafin su iso gare ni. Uba da ɗa suna wasan ɓuya da durowa ɗaya. A 2004 na roƙe shi ya sallame ni. Bai hana ba. Ya ba ni tsohuwar kwamfuta ɗaya da injin fotokwafi, ya sa mini albarka, na buɗe shagona a hanyar Gwarzo ina buga wa ɗalibai takardu. Ina zuwa gaisuwa da salla da salla, sai ranar Juma'a jefi-jefi. Na sani na yi nisa fiye da yadda ya kamata.

Kasuwar ma lokacin ta fara juyawa. Finafinan Hausa sun janye marubuta da masu karatu da yawa. A 2007 aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, aka matsa a kan tace rubutu, diloli suka tsorata da ɗaukar sabon kaya. Amma abin da ya yi wa takarda illa ta gaske waya ce. Da Facebook da WhatsApp suka zauna a hannun mata, marubuciya ba ta buƙatar ƙane ya kai rubutu ko'ina. Tana ɗakinta za ta rubuta babi, ta tura, masu karatu su biya ta banki ko da katin waya, kafin magariba sun gaya mata abin da suke so ya sami kishiyar. Ba takarda, ba dila, ba bashi. Ba kuma jan biro, wannan kam ana gani a rubutun. Ban ce zamanin da ya fi yanzu ba, don matan yanzu kuɗinsu yana shiga hannunsu kai tsaye, ba ya kwana a durowar kowa.

Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ita ta ƙarasa abin da ya rage. Cikin waɗanda suka yi asara akwai masu riƙe da kayansa da kuɗinsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jaje, duk wanda ya fara maganar bashi sai ya ɗaga masa hannu. Na je na same shi na ce, "Baba, ka yafe wa waɗanda kake bi, waɗanda suke bin ka fa?" Ya ce, "Ai kana nan, Akawu." Na ɗauka wasa ne.

Ya rasu a 2018 bayan jinyar wata huɗu. Kafin a yi masa salla, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi, ko akwai mai bin mamaci bashi, ko wanda zai ɗauka. 'Ya'yansa suna nan, amma ba wanda ya san abin da ke cikin littafin nan sai ni. Na ji bakina ya ce, "Na ɗauka." Wallahi ban shirya ba.

Zaman makoki ya cika, har aka rufe layi. Na ga waɗanda na kai wa kuɗin makaranta da hannuna, wannan ma'aikaciyar jinya, wancan soja, wancan lauya da mota mai baƙin gilashi. An yi kuka, an faɗi alheri. Ran sadakar uku kuma masu bashi suka fara zuwa, a hankali, da kunya. Wani Ibo mai sayar da takarda a Sabon Gari, wanda suka yi shekara ashirin da biyar suna hulɗa, ya zo da littafinsa a hammata, ya zauna a tabarma ya yi gaisuwa da Hausarsa ta 'yan kasuwa. Ya buɗe ya nuna mini jimla, ya zare biro ya raba ta biyu, ya ce rabi nasa ne ya bar wa Alhaji, rabi na masu ba shi kaya ne daga Legas, ba shi da ikon yafewa. Na ga adalcinsa.

Na rubuta sunayen waɗanda Alhaji ya yi wa karatu, iya waɗanda na tuna, na bi su. Wasu ban rufe baki ba suka tura abin da ya fi ƙarfinsu. Ma'aikaciyar jinyar nan wata goma sha huɗu tana turo wani abu duk ƙarshen wata. Wasu suka ce in sha Allahu, daga nan wayarsu ta daina shiga. Mai baƙin gilashi yana cikinsu. Muka sayar da Gestetner da injin yanka. Filet ɗin da suka taru shekara da shekaru, ɗaki guda, masu zubin tukwane suka saye su a kilo, don alminiyon ne. Ina tsaye ana ɗora su a sikeli, ina hango shafukan da na sa wa ƙugiya da hannuna. Shekara uku da wata biyu na yi kafin in ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, in ban da ɗaya.

Matar nan ta 2001 ce. Tsakanin kwafin da aka ba ƙanenta da abin da na riƙa tsakura mata kafin in bar shago, an biya fiye da rabi, saura ya kwanta a littafi shekara ashirin. Na nemo lambarta ta hannun wata marubuciya. Ashe tana nan tana rubutu, a waya take sayarwa, har ana karanta labaranta a YouTube. Na gabatar da kaina, ta ce, "Akawu ne? Kai ne mai aiko da wasiƙa da kyakkyawan rubutu." Na gaya mata abin da ya kawo ni, na ce in an bi darajar kuɗin yanzu abin ya ninka, ta faɗi yadda take so a yi. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Ta ce ta yi fushi a lokacin, fushi mai tsanani, don keken nan sai bayan shekara biyu ta saya, kuma ba ta sake kawo mana rubutu ba saboda haka. Ta ce kuɗi kam ta yafe tun ranar da ta ji rasuwarsa. "Amma Malam Akawu, in littattafana na hannu suna nan, waɗanda ya yi wa jan biro, su nake so."

Na yi kwana biyu a ɗakin ajiyar gidan Alhaji ina ɗaga buhuna, ƙura ta sa ni tari na sati. Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa tana nuna mini inda za a duba. Na same su a ƙasan wani kwali, ɗaure da kyauron atamfa kamar yadda aka kawo su. Huɗu ne. Uku lafiya lau, na huɗun gara ta cinye shi daga tsakiya, sai bango da gefen shafuka, inda rubutunsa yake. A wani gefe na karanta: "Malama, nan kin yi sauri. Bar ta ta yi kukan tukuna."

Na kai su da kaina unguwarsu ran wata Lahadi. Na yi sallama, wani saurayi ya fito, ya ce Umma ta ce a gaishe ni, a kuma ba ni wannan. Ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, ya miƙo mini leda da dambun nama a ciki, ya koma ya saki labule.